Shari'ar Gwaggo Ɓauna

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma Malam Tanimu ne ya ja mini. Maƙwabcina ne, tsohon ma'aikacin gandun daji. Da la'asar ya rantse mini cewa ɓaunar Turai, wadda aka mayar daji bayan ta kusa ƙarewa, ba ta barin inuwar itatuwa ko da wasa. Na ce, "Malam, dabba kamar rumbu, me za ta ci a inuwa?" Ya ce ai kowa ya sani. Ni kuwa tun ina koyarwa, abin da kowa ya sani shi na fi bincikawa.

A mafarkin, sai ga ni a wani daji mai sanyi. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, don haka na kife lemata na taka. A bakin dajin akwai ofis, wani bunsuru yana zaune a kujera yana cin labule.

"Hajiya, sannu da hanya. Ke ce mai shaida?"

"Shaidar me, ranka ya daɗe?"

"An kawo ƙarar Gwaggo, wai tana fita fili. Ɓauna ta daji ce. In ta tabbata tana fita, keji za ta koma."

Gwaggo ita ce tsohuwar ɓaunar da ke jan garke. Na iske ta da wani abin wuya mai ƙyafta ido.

Ta ce, "Yaya, wannan ne ke kai gulmata. Ke dai ki rufa mini asiri."

Na bi ta. Da asuba ta kai garken fili, suka ci ciyawa har raɓa ta koma sama. Rana ta iso da ƙafa, suka shiga inuwa suna tuƙa, wasu na birgima a rairayi. Da yamma suka sake fitowa, suka biya rafi, rafin ya matsa musu.

Sai ga mu a ofis.

Na ce, "Tana fita, safe da yamma."

Gwaggo ta ce, "Haba Yaya!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai a ina kake kwana?"

"A nan."

"A ina kake kiwo?"

Ya sunkuyar da kai. "Bayan kasuwa, wajen masu kabeji."

"To kai wane keji za a kai ka?"

Bunsuru ya daɗe yana tauna labule. Daga nan ya kori ƙarar, amma don kada maganar kowa ta faɗi, ya ba da umarni daji ya bi Gwaggo duk inda ta nufa. Itatuwa suka tattare saiwoyinsu kamar masu tsallake kwata. Gwaggo ta ruga fili tana dariya, daji na binta yana haki.

Ƙarar ƙyauren kwano ce ta tashe ni. Malam Tanimu ne yake fitar da tumakinsa kiwo.

Na leƙa ta katanga na ce, "Malam, ɓaunar nan a inuwa take hutawa. Ci kuwa a fili take yi."