Kan Wayar Hamida

Hamida 'yata tana da sikila. In ciwon ya taso, ko kiran sunana ba ta iyawa, balle ta lalubi lamba a salula. Shi ya sa na ajiye uwar tsohuwar wayar gidanmu, irin wadda kanta ba shi da igiya, kusa da katifarta, ni kuma nake yawo da kan wayar a aljihu. Maɓalli ɗaya za ta danna, sai kan ya yi ƙara ina rumbun albasa bayan gida, in taho da gudu. Shekara shida muna haka.

Ranar Talata na sunkuya bakin rijiya, kan ya faɗa ciki.

A kasuwar Jega na samu wani, baƙi, kamarsu ɗaya. Na kawo, muka danna har yatsana ya yi zafi, shiru. Washegari na ɗauki uwar zuwa Aliero wurin Barau mai gyara. Ya juya ta, ya karanta lambar da ke ƙasa, ya ce kamanni ba ya isa. Sai kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, sannan uwar ta karɓi kan. Irin wannan kuwa an daina kawo ta tun yana koyon aiki. Ya yi mini kwatancen wani Lawali a Maiyama mai tara tsofaffin kaya.

Lawali ya zazzage buhu biyu a gabana. Kai guda ya dace, har fitilarsa ta kama. Sai kan ya nemi lambar sirrin uwar, mai lamba huɗu. Ƙanena da ya saita ta ya rasu bara. Muka gwada sifili huɗu, muka gwada shekarar haihuwar Hamida. Ta ƙi.

Na iso gida da la'asar. Na tarar da Hamida kwance, leɓɓanta sun bushe. Mahaifiyarta ta ce ciwon ya taso da hantsi, ya lafa.

"Baba, kwana ukku kana bin waya," in ji Hamida a hankali. "Ko ta yi ƙara, wa za ta iske?"

Da safe na kwaso buhunan albasa, na shimfiɗa tabarmar da nake tsintar albasa a kai ƙarƙashin tagarta. Ta ce warin zai kashe ta kafin sikila. Na ce ta buga taga in ciwon ya dame ta, ina ji.