Miyar Waken Alhamis

Abu ɗaya na iya dafawa a duniya, kuma ba na jin kunyar faɗa: miyar wake ta ranar Alhamis. A soja na koye ta, da albasa mai yawa, sannan fanke ya biyo baya, kamar yadda ake yi a kowane gidan kirki a nan garinmu Härnösand. Miya tawa ce, fanke na matata Majken. Haka muke tun aurenmu.

Majken ta daɗe tana fama da ciki. Yau kumburi, gobe gudawa, jibi ya ɗaure tamau. An duba ta ciki da bai a asibiti, aka ce hanjin lafiya lau yake, rigima ce kawai gare shi. Sai 'yarmu Tuva, wadda ke Stockholm kuma ta fi kowa sanin komai, ta ga talla a waya, ta aiko wa uwarta wani ɗan kwali. Wai ka huda yatsa, ka ɗiga jini, ka aika ta gidan waya, su gaya maka abincin da jikinka ba ya so.

Amsa ta dawo ta hana madara, ƙwai, alkama, cuku, har da dankalin turawa. Dankali fa! A ƙasar nan in ka raba mutum da dankali, me ka bar masa ban da faranti?

"Baba, kimiyya ce," in ji Tuva a waya.

"Kimiyyar ta taɓa ganin uwarki ido da ido?"

"Kai dai ba a iya maka. Ba ni Mama."

Majken ta bi dokar sau da ƙafa. Ta daina zuwa shan kofi gidan maƙwabta, don a nan ba a ajiye maka burodin kirfa ka ce a'a, sai matar gida ta ɗauka ka raina hannunta. Ta koma cin farar shinkafa a tsaye a kicin, wai kada ta ga farantina ranta ya biya. Kafin ƙanƙara ta narke zoben aurenmu ya fara zamewa daga yatsanta, har sai da ta naɗa masa zare. Na tsorata ƙwarai. Ina zaune ni kaɗai a tebur ina jin motsin cokalinta ta bayan ƙofa, loma ba ta wuce mini.

Cikin kuwa bai fasa halinsa ba. Alhamis kaɗai ta rage mana, don wake da albasa ba sa cikin abin da aka hana. Ranar ce take jawo kujera ta zauna. Ni kuma ganin yadda ta rame, sai in cika mata kwano, in ta cinye in ƙara.

Daga ƙarshe na tasa ta gaba zuwa asibitin unguwa. Likitar, wata yarinya mai suna Dagny, ta karanta sakamakon, ta ajiye shi a gefe.

"Majken, irin wannan gwajin yawanci abin da kika saba ci yake nunawa, ba abin da yake cutar da ke ba. Ki koma cin abincinki. Abin da za mu yi shi ne mu janye wasu 'yan abubuwa na ɗan lokaci, mu dawo da su ɗaya bayan ɗaya, mu ga wanne ne mai laifi. Wace rana cikin ya fi matsa miki?"

Majken ta sunkuya tana gyara hannun jakarta. Ni da azarɓaɓi na amsa.

"Juma'a. Kullum Juma'a take kwanciya."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa.

"To ba sai na tambayi abin da kuke ci ranar Alhamis ba," in ji likitar a hankali. "Wake da albasa suna tayar wa masu irin cikin nan da yawa. Ba kowa ba, amma daga nan za mu fara."

Muka taho gida a ƙafa ta bakin tashar jiragen ruwa. Da na kasa haƙuri na tsaya.

"Tsohuwa, dama kin sani?"

"Sixten, ka kula da santsi."

"Na ce kin sani?"

"Tun Tuva tana firamare."

"Kika yi ta sha? Kika bar ni ina ƙara miki?"

"Shi ya sa na yarda da kwalin nan. Na yi ta fatan ya ɗora laifin kan wani abu daban. Da na duba ban ga wake ba, har daɗi na ji. Madara ai ba ta da wanda zai ji ciwo in an bar ta."

"Wannan wace irin wauta ce? Ki kashe kanki a kan miya?"

"Ba a kan miya ba ne, sarkin gardama." Ta gyara mini wuyan riga, ba ta dube ni ba. "Kai mutum ne da bai iya magana ba. Tunda muke ban taɓa jin ka buɗe baki ka ce kana sona ba. Sai dai Laraba da yamma in ga ka jiƙa wake, kana tsince tsakuwa ɗaya-ɗaya don kada haƙorina ya gamu da ita. In na ce ka daina, da me za ka riƙa gaya mini?"

Tausayinta ya kama ni. Ga ni tsoho da furfura, a bakin titi, mutane na wucewa da karnukansu. Na yi gyaran murya sau biyu. Sannan na faɗa mata ina sonta, da baki.

Ta share ido da bayan safar hannunta.

"To ka gani, ba ka mutu ba," in ji ta, ta saƙala hannunta cikin nawa. "Mu je ka nemo mini abin da zan ci, yunwa nake ji."