Ranar da Aka Nuna Anti Tela a Talabijin

Anti Tela ba ta cika ba da labarin tafiyarta ba. Mutanen layinsu sun san dai wani ejan ya yi mata alkawarin aikin otal a ƙasar waje, tana sauka aka ƙwace mata fasfo, aka kulle ta a wani gida tana bauta, da ƙyar ta kuɓuto. Da ta dawo yayanta ya saya mata keken ɗinki, ta kama shago kusa da mai gyaran waya.

Rannan wani furodusa na gidan talabijin ya shigo shagon, sanye da riga mai rubutun "Mu Ne Muryarsu". Ya ce tasharsu ta tashi haiƙan kan masu safarar mutane, suna so ta zo ta yi magana.

"Zan faɗi sunan ejan ɗin?" ta tambaye shi. "Ofishinsa na nan a saman kantin magani, har sabon fenti ya yi."

"Komai za ki faɗa, Anti. Ai don ke muke yi."

Ta ci ado ta tafi. Mai kwalliyar tashar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Anti, kin yi kyau da yawa." Ta goge mata hoda, ta yafa mata wani koɗaɗɗen mayafi. Furodusa ya roƙe ta ta rage fara'a, ta riƙa kallon ƙasa. Tana ambatar sunan ejan ya ɗaga hannu.

"Wannan sai lauyanmu ya duba. Koma wajen da aka mare ki. A hankali, ki ɗan ja numfashi."

Ta yi ta maimaita marin har sai da mai kyamara ya gamsu. Can manajan tashar ya sauko yana ƙamshin turare, ya tsaya gefenta aka ɗauke su hoto, ya ce ta burge shi, ya fita bai tambayi sunanta ba.

Ranar da za a nuna shirin, dangi suka cika falon yayanta. Aka fara da manaja yana bayanin yadda lamarin ya hana shi barci. Wani mawaƙi ya zo ya yi kuka da baƙin tabarau. Ma'aikatan tashar suka yi tattaki a titi da huluna iri ɗaya. Sannan wata baƙar inuwa ta bayyana, tambarin tashar na sheƙi a bayanta, ta yi magana da murya kamar ta ƙato mai mura. Ta ce an mare ta, ta ja numfashi, aka wuce.

"Wai yaushe za a nuno ki?" in ji mahaifiyarta.

"Ni ce waccan, Mama."

"Wannan gardin?"

Falon ya ɓarke da dariya, har ita. Dariyar ba ta gama sauka ba aka tafi talla. Sai ga matashiya da akwati a filin jirgi tana ɗaga hannu, wata murya mai zaƙi na cewa aikin otal na jira, a zo ofishinmu a saman kantin magani. Yayanta ya kashe talabijin. Ya kira furodusa, shi kuma ya ce sashen talla daban, sashen shirye-shirye daban, amma zai isar da ƙorafin.

Bayan kwana biyu wata mata ta kawo yadi shago, ta ce a ɗinka wa 'yarta kayan tafiya, ta samu aiki a waje.

"Wa ya samo mata?"

Matar ta faɗi sunan. "A cikin shirin nan na yaƙi da safara muka ga tallarsu. Kin ga tashar da ke wannan aikin ai ba za ta tallata macuci ba."

Anti Tela ta cire tef ɗin awo daga wuya, ta tura ƙofa, ta jawo mata kujera. Ta ba ta labarin tun daga farko, da sunan, da fasfon, da ɗakin da ba taga. Matar ta saurara tana murza bakin gyalenta.

"To, amma ke taki ƙaddarar ce ta zo haka," ta ce daga ƙarshe. "Bari dai in yi shawara da babanta."

Ta tashi ta fita, ta bar yadin. Anti Tela ta ninke shi ta ɗora a saman kantar shagon, ba ta sa masa almakashi ba. A ƙarshen shekara tashar ta karɓi lambar yabo, yadin kuma yana nan, ba wanda ya zo karɓa.