Kunnen Baba Mlotshwa

Shekara arba'in da ɗaya Baba Mlotshwa yana gyaran tsofaffin motocin Ingila a wani gareji a unguwar Belmont, kuma duk birnin Bulawayo an san da kunne yake aiki. Mota ta shigo, ya karkata kai, ya faɗi ciwonta tun ba a ɗaga bonet ba. To, kunnen nan ne ya ci amanarsa. Yanzu sai dai ya bi leɓen mutum da ido, in maganar ta kuɓuce masa ya yi dariya ya ce, "Kai dai bari." Ba wanda ya sani, shi kuwa ya gwammace a zare masa haƙora da filaya da a sani.

Tsoronsa da dalili. Tun da mai garejin ya rasu, 'yarsa Sithembile ta cika wurin da motocin Japan da na'urar da ake jonawa ta karanto ciwo. Lungu ɗaya ya rage wa tsofaffin motoci, kuma saboda kunnen Baba aka bar shi. Ranar da aka gane kunnen ya tafi, lungun ya tafi, shi ma sai ƙauyensu Nkayi, inda ba shi da kowa sai kaburbura.

Ran nan Juma'a aka kawo jar motar Dokta Naik, 'yar kujera biyu mai buɗaɗɗen kai, wadda ta girmi Sithembile. Obarta ta daina shiga. Oba ƙarin giya ce da ake kunnawa da ɗan makunni a gefen sitiyari, injin ya huta a doguwar hanya.

Sithembile ta tsaya a gabansa, Allah ya taimake shi, a gabansa ta tsaya. "Baba, Lahadi 'yan ƙungiyar tsofaffin motoci za su duwatsun Matopos, Dokta ne a gaba. Ƙarfe huɗu zai zo ɗauka. Na ce masa kafin ya gama shayi ka gano."

"An gama, 'yata," in ji shi.

Ya fara da abin da ido ke iyawa. Man giya a cike, ya kwance matacin ya wanke da kananzir, fiyus garau. Saura abin da bakanike ko ɗan koyo ne yake fara yi: a sa giya ta huɗu, a taɓa makunni, a saurara. Akwai wani ɗan ƙarfen lantarki a jikin giyar, solinoyid, in wuta ta kai masa yakan ce ƙas. Da, daga bakin ƙofa Baba yake jin wannan ƙas ɗin. Yau ya taɓa makunnin ya fi sau ashirin, ya kwantar da kai har kumatunsa na gugar kujera, duniya shiru. Ko abin ya yi ƙara, ko bai yi ba, oho.

Fanyana, abokin aikinsa mai tumbi da shegen baki, ya leƙo da kwanon tuwon masara a hannu. "Tsoho, addu'a kake mata ko sumbatarta kake? Kawo in jona mata kwamfuta ta faɗa maka sunan kakarta."

Baba ya bi leɓensa da ido, ya ce, "Je ka jona wa tumbinka."

Ai maganin a fili yake. Abin yi shi ne ya shiga ramin duba ƙarƙashin mota ya dafa solinoyid da tafin hannu, Fanyana ya taɓa makunni, hannu ya ji abin da kunne ya kasa. Amma wane bakanike ne yake lalubar ƙara da hannu? Fanyana ba yaro ba ne, kafin la'asar labari ya kai kasuwar Renkini. Baba ya haɗiye roƙon, ya ji kamar ya haɗiye noti.

Ƙarfe biyu ta wuce, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zuwa wa wanda ruwa ya ci. A kan giyar akwai wani makunni da suke kira maigadi, shi ke hana oba shiga sai a ta uku da ta huɗu, don in aka yi ribas tana ciki, kayan cikinta rugurgujewa suke yi. Baba ya bar makunnin sitiyari a kunne, ya sauka rami, ya cire wayoyin maigadi guda biyu. Hannun hagu a kan solinoyid, da na dama ya haɗa bakin wayoyin.

Abu ya harbe shi a tafin hannu. Ya raba, ya sake haɗawa, ya sake harbi. Ashe solinoyid lafiyarsa lau, maigadin ne ya mutu. Daɗi ya kama shi. Ya murɗe wayoyin wuri ɗaya ya naɗe da tef, na ɗan lokaci, ya gwada ta a hanya tukuna kafin ya canza maigadin.

Ya kashe makunnin sitiyari ya fita da ita, a hanyar Matopos ya kai ta huɗu, ya kunna makunnin, ya kafa wa allurar da ke nuna juyin injin ido. Allurar injin ta sauka, kujera ta daina karkarwa a bayansa. Baba ya daki sitiyari yana dariya shi kaɗai, hawaye na bin gefen fuskarsa saboda iska. Ya tsira, yau dai ya tsira.

Da ya dawo gari motoci sun yi yawa, hankalinsa ya tafi ga madubi da babura da ba ya jin zuwansu, ya manta bai kashe makunnin ba. Da can, muryar injin kaɗai za ta gaya masa oba na ciki. Ya shigo gareji ƙarfe huɗu saura, ya tarar wata akori-kura ta tare bakin ramin. Dokta Naik na tsaye da hular ciyawa, Sithembile a gefensa. Baba ya ɗaga musu babban yatsa, ya waiga baya, ya sa ribas.

Motar ta cije. Ya ɗauka dutse ne a bayan taya, ya ƙara mata totur. Bai ji kukan da giyar ta fara ba, kukan da ya fito da mutane daga shagon walda na maƙwabta. Bai ji Fanyana na ihu yana kiran sunansa ba, bai ji Sithembile ba. Fuskarsa na baya, har da ɗan murmushinsa. Sai da wani abu ya dake shi ta ƙarƙashin kujera, motar ta zabura ta mutu, sannan ya juyo.

Kowa baki buɗe. Baƙin mai na malalowa a siminti, da ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Dokta ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Baba ya fito ya durƙusa a gefen motar, ya sa yatsa a man. Sithembile na bayansa tana magana, ya sani, don ya ga idon Fanyana na kallon bayan kansa, sannan ya sauko kansa, sannan ya kauce. Jim kaɗan ya ga takalmanta sun zagayo. Ta tsuguna a gabansa cikin man nan da siket ɗinta mai tsada, ta daidaita fuskarta da tasa, ta motsa leɓe a hankali.

"Baba, sau biyar na kira ka."

Ya karanta kowace kalma. Ya nemi dariyar nan tasa, ta ƙi zuwa.

"Ban ji ki ba, 'yata," ya ce. "Ba na ji."