Saƙar da Ta Ƙi Kwanciya

Malama Rahmatu tana koyar da lissafi, tana zaune a wani bene a unguwar Al-Sadd, can ƙasar waje, da 'ya'yanta biyu, Sherifa da ƙanwarta Haulat mai shekara tara. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne Kaka Atine, wadda ta rasu bara a Zariya ta bar faifan ulu na rufe kwano ba ta gama saƙawa ba, kwarashin ma yana soke a jikinsa. Rahmatu ta zo da shi ta adana a durowa, ta hana kowa taɓawa.

Haulat ta koyi saƙa a makaranta. Wata Asabar da Umma ta fita cefane, sai ta ɗauko faifan da niyyar ƙarasa wa Kaka aikinta. Tana zagaye na uku bakinsa ya fara lanƙwashewa. Ta danne da tafin hannu, ya sake tashi. Ta ƙara zagaye ko zai miƙe, sai ya cukurkuɗe kamar wani abu mai rai.

Sherifa ta leƙo ta gani. "Kin taɓa kayan mamaci, sarkin rawar kai," in ji ta. "Kaka ce ke murɗe shi. Ba ta yafe ba."

Haulat ta gaskata maganar yayarta. Ta tura faifan ƙarƙashin katifa. Kwana uku ba ta cin abincin kirki, kuma duk sanda ta ɗaga katifar sai ya sake tasowa a hankali. Ko hoton Kaka da ke falo ta daina kallo.

Ran Talata Umma ta zo canja zanen gado ta same shi. Haulat ta raɓe jikin ƙofa.

"Umma, Kaka tana fushi da ni?"

Rahmatu ta juya faifan a hannunta ta duba shi. Sannan ta zaunar da Haulat suka ƙirga idanun saƙar tare. Kaka takan ƙara ido kaɗan ne a kowane zagaye, Haulat kuwa biyu take zubawa cikin kowane ɗaya. Umma ta ɗauko ganyen latas a firij ta nuna mata bakinsa, ta kuma nuna mata hoton murjanin teku mai lanƙwasasshen baki a waya. Ta ce duk abin da bakinsa ya fi tsakiyarsa saurin girma, dole ya yi lanƙwasa don ya sami wuri. Ta ce ta sha zana wannan siffa a allo ɗalibai ba su gane ba, ga shi yau a hannunta.

Da ta ji abin da Sherifa ta ce, ta yi mata faɗa, sannan ta ce kada a warware ko ido ɗaya, gobe za su sayo jan ulu su saƙa murjani babba.

Haulat ta gane ba fushin Kaka ya murɗe faifan ba, idanun da ta ƙara ne suke neman wuri.