Bas ɗin Coci Mai Rabin Fuska

Sannu-Sannu ake ce masa a ikilisiya, don ko akuya ce ta tsaya a titi sai ya jira ta gama tunani. Shi ke tuƙa bas ɗin coci. Ranar zaɓe tun safe yake jigilar tsofaffi zuwa rumfa, har aka rufe layi bai dangwala wa kowa ba. Ya ɗauka hakan zai raba shi da rigima, ashe tsakiyarta ya faɗa.

Yayansa dattijon ikilisiya ne, ɗan takararsa ya ci. Matarsa kuwa shugabar mawaƙa ce, nata ya faɗi, ta kuma rantse an yi maguɗi. Tun da aka faɗi sakamako gaisuwa ta mutu tsakaninsu. Cocin ma ya dare biyu. In wani ya yi addu'a, sai an duba wa ya zaɓa kafin a ce amin.

Ana cikin haka Fasto ya tuna wa jama'a cewa ranar Asabar za a kai bishara wurin masu fasa dutse a bayan gari, kamar yadda aka shirya tun kafin zaɓe. Matsalar ita ce, lokacin kamfe Yaya ya ari bas ɗin, ya liƙa ƙaton hoton ɗan takararsa a gefe.

"Baban yara," in ji matar, "ba zan shiga motar da ke ɗauke da fuskar mutumin nan in tafi ina rera sunan Yesu ba."

Sannu-Sannu ya ɗauki reza da ruwan zafi. Gam ɗin ya kama fenti kamar kaska. Ya kankara har yatsunsa suka yi ciwo, rabi kawai ya fita. Aka bar ido ɗaya, kunne ɗaya, da guntun murmushi.

Da safiyar Asabar Yaya ya gani, ya riƙe baki. "Kai, wa ya aike ka? Fuskar shugaba ka yaga?"

"Yaya, cirewa nake yi."

"Matarka ta sa ka. Dama na san nata ka zaɓa."

Matar ta zagayo ta ɗaya gefen. "Ka bar rabi don kada ran yayanka ya ɓaci, ko? Ai na san nasa ka zaɓa."

"Jama'a, ban zaɓi kowa ba!"

Ba wanda ya yarda. Ya shiga ya tayar da mota.

Da suka isa, ma'aikata suka ajiye guduma suka kewaye bas ɗin, suna kallon hoton. Shugaban leburori, wani dogo mai farin gemu, ya ce, "Kun ci ne kuka zo godiya, ko kun faɗi kuka zo bin ba'asi?"

Fasto ya ce, "Da sunan Yesu muka zo."

"To, shi wace jam'iyya yake?"

Aka kwashe da dariya. Kafin Fasto ya buɗe baki, Yaya ya ce ai Allah ne ke naɗa mai mulki. Matar ta ce Allah ba ya satar akwati. Nan cacar baki ta kaure a gaban mutanen da aka zo yi wa wa'azi. Sannu-Sannu ya rasa inda zai sa kansa. Ya tsuguna yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Ihu ne ya katse su. Daga ramin dutse aka ɗauko wani magidanci, dutse ya murƙushe masa ƙafa, jini na zuba. Babu wata mota a wurin.

Ba wanda ya yi shawara da wani. Yaya ya zauna a kujerar baya ya ɗora ƙafar a cinyarsa, farar rigarsa ta rine. Matar ta cire ɗankwalinta ta ɗaure sama da raunin.

"Yaya, ɗaga ta sama."

"Na ɗaga. Ƙara tamkewa."

Sannu-Sannu ya kama hanya yana kauce wa ramuka, kamar yadda ya saba.

"Taka mota!" suka daka masa tsawa tare.

Ya taka. Bai taɓa sanin tsohon bas ɗin na iya wannan gudu ba. Ya ji matarsa ta soma waƙa a hankali don mutumin ya daina kuka, muryar Yaya mai kauri ta bi ta.

A asibiti nas ta ce, "Su waye 'yan'uwansa?"

"Mu ne," in ji su biyun. Suka kalli juna, kowa ya kau da kai.

An ceci ƙafar, sai dai ya rasa yatsu. A hanyar komawa Sannu-Sannu ya ce, "Baba Fasto, wai mun kai bisharar nan ko ba mu kai ba? Ko aya ɗaya ba a karanta ba."

Fasto ya ce, "Ni ma ban sani ba. Amma dogon nan ya ce mu dawo mako mai zuwa. Wai mu zo da masu faɗan."

Sannu-Sannu ya zaci an shirya ke nan. Ina! Washegari matar ta wuce Yaya a ƙofar coci ko kallo. Da yamma ta miƙa wa mijinta kwanon abinci, ta ce ya kai wa mara lafiya. Yana fita ya ci karo da Yaya, shi ma da nasa kwanon.

"Kai masa. Kada ka gaya mata," in ji Yaya.

Sannu-Sannu ya ajiye kwano biyu a gefen gadon asibiti. Mutumin ya buɗe wannan, ya buɗe wancan, ya ce, "Bawan Allah, wanne zan fara ci?"

Sannu-Sannu ya ja kujera ya zauna. "Ɗan'uwa, kada ka sa ni a wata rigimar. Haɗa su ka ci."