Shukun da Bashira Ta Bari

Hudu mai walda ya iya narka ƙarfe, amma dama kunu ya gagare shi. Tun farkon damina 'yan'uwan matarsa Bashira suka zo Kagarawal suka tafi da ita gida Malumfashi, bayan ta haihu ɗan bai zo da rai ba, ciwon kuma ya taɓa mata kai. Sai ta wuni ta zuba wa bango ido, wani lokaci har sunan mijin nata ya ɓace mata. Ranar tafiyar ya leƙa tagar mota ya ce, "Kwantar da hankalinki, a ɗakinki za ki dawo ki iske yaranki."

Yaran biyu ne, Zulfa da ta fara zuwa islamiyya, da Nuruddeen da ba a daɗe da yaye shi ba. Da su yake tafiya shago, ya zaunar da su bayan fallen kwano don kada wutar walda ta ɓata musu ido. Tuwonsa duk gudaji, miyarsa kuwa sai wanda yunwa ta ci ƙarfinsa. Yayarsa Adda Asta ta sha cewa ya kawo mata yaran gidanta a Tumfure, shi kuwa ya kafe.

Jajibirin tafiyarta Bashira ta ɗan dawo hayyacinta, ta zaunar da Zulfa tsakanin ƙafafunta ta yi mata shuku. Wannan kitso Zulfa ta hana kowa taɓawa. Matar maƙwabci ta kira ta da alawa, ta ƙi zuwa.

"Baba, kitson Umma ne," in ji ta. "In aka tsefe, da me za ta gane ni?"

Duk sanda ya buga waya, ƙanen Bashira ya kara mata a kunne, abin da yake ji shi ne, "Wane ne?" Sai ya sayo wa yarinyar hula, yana wanke mata kai sama-sama. Damina ta wuce, aka yi girbi, shuku na nan.

Wata Juma'a da hantsi Adda Asta ta yi sallama. Tana jawo Zulfa jikinta ta yamutsa fuska, ta cire hular. Kwarkwata ta yi gida, ƙuraje sun fashe suna ruwa, gashin ya cukurkuɗe ya zama dunƙule.

"Hudu! Kana da idanu kuwa? Riƙon ke nan?"

"Adda, ita ce ta ƙi."

"Ita ce babba a gidan ko kai?"

Kunya ta rufe shi, don ya sani sarai ba Zulfa kaɗai ke son kitson ya zauna ba. Shi ma idan ya dube shi yakan ji kamar Bashira maƙwabta ta leƙa, yanzu za ta shigo.

Adda ta shafa mai ta gwada da tsinke, yarinya ta ƙwala ƙara, jini ya tsattsafo. Tsifa ba za ta yiwu ba, sai aski. Zulfa ta ce in dai dole ne, babanta zai yi. Hudu ya ɗauko almakashi, ya zaunar da ita tsakanin ƙafafunsa a inda uwarta ta zaunar da ita. Ya fara yankewa daga gaban goshi. Kitson ya riƙa faɗowa kan tabarma silli-silli, Nuruddeen na tsincewa yana wasa.

Kafin ya gama Adda ta ƙulle kayan yaran a zani, ta aika a tsayar da keke mai ƙafa uku. Wannan karon bai yi musu ba.

A bakin zaure Zulfa ta tsaya. Ta tattara kitson a cikin hularta, ta miƙa masa.

"Baba, in Umma ta dawo ka nuna mata wannan, ka ce ni ce."

"To," ya ce.

"Yaushe za ta dawo?"

Mai keke ya danna hon. Hudu ya ɗaga ta ya ɗora kusa da ƙanenta, ya gyara mata ɗankwali a kan da ba gashi.